Man Gyaɗar Inna

Ni ce na je da bakina na roƙi Inna man gyaɗa, ba wanda ya aike ni. A lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a Kalgo, inda aure ya kai ni, ina kuma karatun digiri na biyu a gefe, irin karatun da mace ke yi da goyo a baya da jan biro a hannu. Aikin da malamina ya ɗora mini shi ne in bi kasuwannin yankinmu in sayo man gyaɗa, in bincika wanne ne tsantsa, wanne ne aka yi wa algus da man kanti mai araha.

Na kuwa bi. Na je Diggi, na zagaye Kalgo, na leƙa Malisa da Maruda, ina sayen mai kaɗan-kaɗan ina zubawa a ƙananan kwalabe. Masu mai suka riƙa yi mini tsiya, wai ko gidana cokali ɗaya ake miya da shi, wata ta ce in mijina marowaci ne in faɗa mata ta je ta same shi. Ban gaya musu abin da zan yi da man ba, don na san da sun ji kalmar gwaji ciniki ya watse.

Sai dai duk wannan tarin kwalabe ba su da amfani in babu abin da za a auna su da shi. Dole a samu mai ɗaya da aka tabbata babu komai cikinsa sai gyaɗa, shi zai zama ma'auni. Da malamina ya tambaye ni inda zan samo, har dariya na yi. Na ce masa a ɗakin da aka haife ni. Inna ta fi shekarun aurena da na karatuna tana ƙuli-ƙuli a Gwandu. Ita ke zaɓen gyaɗarta, ta soya, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa, ta zuba a turmi tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso ya kwanta saman tunkuza. Ban taɓa ganin jarkar man kanti ta ƙetare zaurenmu ba. In ta ji ana zancen masu algus, tsaki take ja ta ce su da Allah.

A shekarar Baba yana kwance yana tashi. Ciwon zuciya ne da hawan jini, ƙafafunsa su kumbura su sace, numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya yi 'yar tafiya. Baba Bafulatani ne da ya tashi a bayan shanu. Garken ya ragu a hannunsa sannu a hankali, ragowar ya bar wa ƙanensa a rugarsu ta wajen Maruda, shi ya zauna cikin gari yana noman gero da dawa. Yayana, wanda shi ne babba a ɗakinmu, yana aiki can kudu, sai da salla muke ganinsa, saboda haka ni ce mai kai Baba asibiti a Birnin Kebbi, ni ce mai jin bayanin likita, ni ce mai dawowa in kafa doka. Dokar kuwa ita ce a rage gishiri, a bar kitse, a bar man shanu kwata-kwata, nono ma sai tsala wanda aka kaɗe aka cire mansa. Na faɗa wa Inna wannan a tsaye, na maimaita a zaune, na sa ta faɗa mini da bakinta. Ta ce ta ji. Ni kuwa na ɗora ran Baba kan wannan dokar, na sa a raina muddin ana bin ta zai daɗe tare da mu.

Da zan karɓi man, cikin bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum. Na kira Inna na ce ta ajiye mini man gyaɗa kaɗan, zan kai makaranta wurin malamanmu a gwada, kuma ta zaɓo mini mafi kyau, wanda ta fi yarda da shi. Ta tambaye ni malaman su nawa ne. Na ce mene ne ruwanta da yawansu, ko rabin kofin shayi ya isa. Da na je ɗauka, na tarar ta cika kwalba har wuya, ta ɗaure bakin da leda, ga kuma ƙullin ƙuli-ƙuli mai yaji a gefe, wai a kai wa malamai. Na ce Inna kenan, na jefa a jaka.

Na'urar da ake wannan aiki da ita ba ta sashenmu. Tana wani ɗakin gwaji a wani gari, kuma layi ake bi, sai da na jira har na fara cire rai kafin a ba ni rana. Sunanta na Turanci dogo ne, mu dai mas muke ce mata. Mai kula da ita wani dattijo ne mai ɗan gemu, ba ya son surutu, ba ya son a taɓa masa komai. Tun daga ƙofa ya sa na cire takalmi, ya kalli mayafina ya ce in ɗaure shi kada ya share masa kwalabe. Ɗakin sanyi ƙalau, ana jin ƙugin na'urar ƙasa-ƙasa.

Yadda abin yake shi ne, kowane mai, na gyaɗa ne ko na ja ko na kaɗe ko na dabba, an gina shi ne da wasu sinadarai na kitse masu siffar sarƙa. Kowace sarƙa tana da adadin ƙwayoyin kabon da aka jera ta da su, wata gajera, wata doguwa, kuma kowane irin mai da nasa rabon. Ba a zuba mai haka nan cikin na'ura. Sai an ɗiga shi a kwalba, an haɗa da metanol da wani sinadari mai kaifi, an ɗumama, an girgiza, har sarƙoƙin su rabu da juna su zama abin da zai iya tashi kamar tururi. Daga nan a ɗebi abin da bai kai ɗigon hawaye ba da siririyar allura a tura. A ciki akwai wani bututu siriri, dogo, a naɗe cikin zafi. Gajerun sarƙoƙi su ke riga fitowa, dogaye su biyo baya. Duk wadda ta fito, sai na'urar ta farfasa ta, ta auna nauyin gutsattsarin, daga nauyin ta gane ko wace ce. Abin da mutum ke gani a allon kwamfuta layi ne kwance, duk inda wani sinadari ya fito sai layin ya yi tudu, gwargwadon yawansa gwargwadon tsayin tudun.

Na san fuskar man gyaɗa a wannan allo kamar yadda na san hanyar gidanmu. Farkon layin fili ne fetal, babu komai. Sai can a ga tudu matsakaici mai kabon goma sha shida, sai manyan tuddai masu goma sha takwas, sai wasu 'yan ƙanana dogaye a ƙarshe waɗanda su ne shaidar gyaɗa. Da kwalbar Inna muka fara, tun da ita ce ma'auni. Da na kwance ledar, wani ƙamshi ya ɗan bugi hancina ta cikin ƙyallen da na rufe fuska, na ji daɗi, na ce a raina ƙamshin gida.

Muna zaune muna kallon allo, tun layin bai yi nisa ba ya fara tashi. Ƙaramin tudu, wani ƙarami, wani, sai wani da ya fi su. Duk a filin da bai kamata a ga komai ba. Dattijon ya gyara tabarau ya ce wa ya wanke kwalaben nan. Na ce ni. Ya ce ya sani. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ya ɗauko sababbin kwalabe daga cikin kwali, ya haɗa da hannunsa, ya fara tura ruwan wanki zalla don a ga ko na'urar ce ta riƙe dattin wani aikin. Layi ya fito a miƙe. Ya sake tura man Inna, tuddan nan suka dawo, kowanne a mazauninsa.

Ya ce to, wannan mai an yi masa haɗi. Na ce masa ba zai yiwu ba, man mahaifiyata ne, a gabana na tashi ina ganin yadda ake yinsa. Wallahi har muryata ta hau, na manta da wanda nake magana. Ya dai riƙa danna tuddan ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana fito da sunan kowanne. Da farko ya yi zaton man ƙwarar kwakwa ne, don shi ma yana da gajerun sarƙoƙi, amma ya ce da shi ne da mai kabon goma sha biyu ya fi kowa tsayi, a nan kuwa mai goma sha huɗu ne a gaba. Sai ya nuna mini wasu 'yan tuddai biyu da ban ma lura da su ba, mai goma sha biyar da mai goma sha bakwai. Ya tuna mini abin da ni kaina nake koya wa ɗalibai, cewa tsiro biyu-biyu yake jera kabon ɗinsa, in an samu adadin da ba ya rabuwa biyu a mansa to ɗan burbushi ne. Masu yawa haka a tumbin dabba mai tuƙa ake ƙera su, su bi jini su fito a nono.

"Malama," in ji shi, "wannan man shanu ne. Ba shi da yawa, amma ba kuskuren cokali ba ne. Zuba shi aka yi."

Ba aikina na tuna ba, ba layin jiran da na bi ba. Wata kwalba na tuna, wadda Inna ke ajiyewa daban a bayan jeren kwanoninta, wadda ba a sayarwa, ba a yi wa yara miya da ita, sai in za a zuba wa Baba tuwo ta ɗauko ta tsiyaya a kan miyarsa. Na sha ganinta, na sha yaba wa Inna a raina, ina cewa ga mace mai bin doka, har man maigida ta ware. Ashe a zafin bazara man shanu narkewa yake ya ɓace cikin na gyaɗa, ido ba ya raba su, ƙamshin soyayyar gyaɗa kuma ya danne nasa.

Mun gama sauran kwalaben a ranar, wasu tsantsa, wasu an cika su da man kanti har abin ya ba dattijon dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ɗauki hoton allon da wayata, na fito.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Gwandu, tun daga Kalgo nake tafasa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana murza ƙuli, hannunta duk mai. Ko gaisuwar kirki ban tsaya mun gama ba, na wuce ɗaki na ɗauko kwalbar na dire a gabanta, na tambaye ta mene ne a ciki. Ta ce mai. Na ce wane mai. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ga aikinta. Nan na zazzage mata duk abin da na ƙunso. Na ce ina can ina jigilar asibiti, ina barin ɗalibaina da jaririna, yayana yana can yana aiko magani, ita kuma tana nan tana ɗura masa abin da likita ya ce shi ke toshe masa jijiya. Na ce in kashe shi take so ta faɗa mana mu huta da wahala. Na faɗi haka, da ƙaramar murya don kada Baba ya ji daga zaure, amma na faɗa.

Inna ba ta musa ba. Abin da ya fara damunta ma shi ne yadda aka yi na sani. Ita a zatonta malamai ɗanɗanawa za su yi, shi ya sa ta tambayi yawansu. Ta ce abin da za a kai gaban manya ai daga na maigida ake ɗiba, ba a kai musu na kasuwa, kada a ce 'yarta ta fito daga gidan da ba a san daɗin mai ba. Ta ce ta san ni ba zan sa a baki ba, su kuma malamai ina suka san likita. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Haushi da dariya da kuka suka zo mini lokaci guda.

Man kuwa Goggo ce, ƙanwar Baba, ke aiko mata daga ruga cikin ƙwaryar nono. Ta soya shi, ta tace, ta zuba kaɗan cikin na gyaɗa. Ta ce da farko ta bi dokar yadda na faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba.

"Ke ba ki nan," ta ce. "Ni ka ɗauko kwanon. Loma biyu shikai ya wanke hannu. Mutumen da tun da anka yaye shi bai ci tuwo ba man shanu ba. Ina kallo wuyan rigarshi na faɗi. Sai in zauna in gani?"

Na ce mata rama ba ta kisa kamar yadda toshewar jijiya ke yi. Na ce zai saba, kowa ma sabawa yake. Ta goge hannunta da gefen zane, ta tura mini kwalbar da bayan hannu. Ta ce ni na yi karatu, in yi yadda na ga ya dace. Ba da gatse ta faɗa ba, da ma gatsen ne da ya fi mini sauƙi.

An yi hutun makaranta a lokacin, sai na ɗauko yarona na dawo Gwandu na karɓi girkin Baba. Na yi iya yina, Allah ya sani. Miyar kuka da daddawa mai kyau, miyar sure, wato yakuwa, ɗanyar kuɓewa, busasshen kifi da na jiƙa na cire masa ƙaya, albasa da citta da tafarnuwa don su rufe rashin gishiri. Na tsiyaya man gyaɗa tsantsa, wanda na tsaya a kan turmi aka matse a gabana. Ni ke kai masa zaure, in durƙusa in buɗe, in koma gefe.

Baba bai taɓa cewa komai ba. Irinsu ba sa zancen abinci, abin kunya ne namiji ya ce miya ta yi ko ba ta yi ba, balle a gaban 'yarsa. Zai yi bisimilla, ya gutsura, ya kai baki, ya tauna a hankali. Ya ƙara ɗaya, wata rana biyu. Sai ya jawo ruwa ya wanke hannu ya ce alhamdu lillahi, Allah ya yi albarka. In na ce Baba a ƙara, ya ce ya ƙoshi. In na matsa, ya yi murmushi ya tambaye ni lafiyar maigidana. Kwanon da na kai da nauyi haka nake dawowa da shi, in wuce Inna a tsakar gida, ita ba ta kallon kwanon, ni ba na kallonta.

Na riƙa gaya wa kaina kwana kaɗan ne. Amma na ga abin da Inna ta faɗa da idona. Hularsa ta fara yi masa yawa. Masallacin da ke ƙofar gida ya koma sai an riƙe shi, daga baya ya koma salla a zaune. Ƙafafun kuma ba su fasa kumbura ba, ga shi ba ya iya kwanciya sosai, sai an tara masa matasai ya jingina. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma na riƙe dokar da hannu biyu, don ita kaɗai nake da ita.

Da ranar komawa asibiti ta zo, na ɗauki shatar mota muka tafi Birnin Kebbi. Likitan da ke ganinsa ba yaro ba ne, mutum ne mai haƙuri, ya san Baba, har Fulatanci yake ɗan jefa masa su yi dariya. Ya auna shi, ya danna ƙafarsa ya ga yatsa ya lotsa, ya daɗe yana saurarar ƙirjinsa da bayansa, ya tura mu hoton zuciya muka dawo. Da aka fita da Baba ya zauna a benci, na tsaya. Na fito da wayata na nuna masa hoton allon, na ba shi labarin kwalbar tun daga farko. So nake ya ce na yi daidai. So nake ya ba ni magana mai nauyi da zan kai wa Inna da Goggo, kowa ya shiga taitayinsa.

Ya karɓi wayar ya ƙara girman hoton, ya tambaye ni wanne ne na shanun, na nuna masa. Ya ce aiki ya yi kyau, kuma dokar da ya ba mu a bara gaskiya ce, a bara. Sai ya ajiye wayar a kan tebur ya tambaye ni tun yaushe Baba ke barci a zaune, kuma me yake ci. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce zuciyar ta ƙara faɗi, ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, magungunan kuma an kai su inda za a iya kai su. Gishiri dai a ci gaba da ragewa, don shi ke tara ruwa ya hana shi numfashi, wannan wahalarsa ta yau ce.

Na ce man shanun fa.

"Illar man shanu ta shekaru ce, Malama," ya ce. "Ku ba shi abin da ransa ke so."

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san wannan magana. Na ji an faɗe ta a kan kakata, na ji an faɗe ta a kan wata maƙwabciyarmu a Kalgo, ban taɓa kawo wa raina za a dube ni a faɗa mini ita ba. Na tsaya ina kallon wayata a kan tebur, tuddan nan suna nan yadda suke, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na ɗauka, na yi godiya, na fita. A bakin famfon asibiti na wanke fuskata kafin in je wurin Baba. Ya tambaye ni me likita ya ce, na ce ya ce a ci gaba da magani.

A hanyar dawowa ya jingina da kujera ya lumshe ido. Da muka kusa gida na hangi matan Fulani a gindin wata bishiya da ƙorensu, na ce wa direba ya tsaya. Na sauka na ce man shanu nake so, sabo. Wata dattijuwa ta buɗe faifai ta tsamo mini curi-curi daga cikin nono, fari sol, ta zuba a 'yar roba ta rufe. Ta ce amarya ce za a yi wa gara, na ce a'a, babana ne. Ta ce Allah ya ba ni masu yi mini. Na sa robar cikin mayafi na koma mota, Baba bai buɗe ido ba.

Mun iso bayan la'asar. Aka shigar da Baba zaure aka jingina shi. Inna tana madafi ta ɗora ruwan tuwo, tana tankaɗen garin dawa. Ta yi mini sannu da hanya ba tare da ta ɗago ba, don tun ranar kwalbar maganarmu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Na durƙusa na ajiye robar kusa da ƙafarta.

Ta ajiye rariya ta buɗe. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki, sannan ta dube ni, irin kallon da rabon da ta yi mini tun ina yarinya in na dawo da zazzaɓi.

"Likita yac ce?"

"Shi ya ce."

Ba ta tambaye ni komai ba bayan wannan. Ta mai da murfin a hankali, ta share gari daga hannunta, ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un can ƙasan maƙoshi. Sai ta ce in kira yayana in ce ya taho, kada ya jira salla, in kuma aika ruga a gaya wa Goggo da ƙanen Baba. Na fita bayan ɗaki na yi kiran. Yayana ya fara tambayar ko wani abu ya faru, na ce babu abin da ya faru, ya dai taho. Sai ya ce gobe zai kamo hanya.

Da na dawo ta ɗora ƙaramar tukunya, man yana narkewa, ta yanka albasa ta jefa. Ƙamshin ya cika gidan, ya fita har waje, babu sauran abin ɓoyewa. Ta tuƙa tuwon da kanta, ta kwashe mai laushi a kwanon Baba, ta zuba miyar kuka, ta ɗebo man da ludayi ta kwarara a kai har ya taru ya kwanta a gefe. Ta rufe ta miƙo mini, ta ce ni zan kai.

Na same shi a jingine, carbi a hannu. Na durƙusa na ajiye, na zuba masa ruwan wanke hannu, na buɗe kwanon. Ya dubi miyar, man yana ƙyalli a samanta. Ya daɗe yana dubawa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, ina roƙon Allah kada ya tambaye ni, don ban san abin da zan ce ba.

"Yayanki na bisa hanya?" ya ce.

Na ce gobe zai taso.

Ya ce madalla. Ya ajiye carbin, ya matso da kwanon gabansa, ya yi bisimilla ya sa hannu.